Masu kiran malaman Buddha na Tailan 'yan cima-zaune, ku ɗan dakata

Shekaranjiya da daddare ina kwance ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wani bidiyo a Facebook, malaman addinin Buddha ne na ƙasar Tailan sun jeru layi guda da sassafe, kai a aske tal, ƙafa ba takalmi, kowa ya naɗe jikinsa da mayafi ruwan goro ya rungume ƙwaryarsa, ga mutane sun durƙusa a bakin titi suna zuba musu abinci. Wanda ya ɗora bidiyon ya rubuta a sama wai ashe su ma suna da almajirai, har gara namu ma yara ne, waɗannan kuwa ƙarti ne majiya ƙarfi. Da na leƙa wajen kwament sai na tarar kowa ya zo da nasa dutsen, wannan ya ce 'yan cima-zaune, wancan ya ce zuciyarsu ta mutu, wata baiwar Allah ta ce da za a ba ta iko duk sai ta kwashe su ta kai gonar shinkafa.

Abin ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne mutanen nan ba cima-zaune ba ne, kuma abin da aka gani a bidiyon ba bara ba ce irin wadda muka sani. Matsala kam suna da ita, babba ma, amma ba a ƙwaryar take ba, a cikin ambulan ɗin kuɗi take.

Kafin wani ya fara zare min ido, ni Musulmi ne kuma ba aƙidarsu na zo karewa ba, suna da addininsu ina da nawa. Maganar da nake yi ita ce ta yadda al'umma ta tsara zamanta da masu addininta, wannan kuwa ko ba ka yarda da abin da mutum yake bauta wa ba kana iya kallonsa da idon basira.

Abin da na gani da idona

Na taɓa raka yayana Bankok, babban birnin Tailan, sayen kaya a kasuwar Pratunam, mun sauka a wani ƙaramin masauki kusa da titin Phetchaburi, akwai masallaci a cikin lungun da muke zuwa sallar asuba. Wata rana mun fito, gari ya fara wayewa, sai ga su nan su uku suna tahowa a hankali kamar masu tsoron taka ƙasa. Wata dattijuwa mai sayar da soyayyen abu a bakin hanya ta bar kaskonta a kan wuta, ta cire silifas ɗinta ta ajiye gefe, ta ɗauko shinkafa da miya a ƙulle cikin leda da ɗan kwalin madara, ta tsaya tana jira.

Ita ce ta tsayar da su. Su ba su yi sallama ba, ba su miƙa hannu ba, ko kallon fuskarta ba su yi ba. Na gaban ya buɗe murfin ƙwaryar, ta saka abincin a hankali yadda hannunta ba zai taɓa shi ba, sai ta durƙusa ta haɗe tafukanta, suka yi mata wani ɗan karatu da bai wuce minti ɗaya ba suka wuce. Ba wanda ya ce mata an gode. Ita ce ma ta tashi fuskarta wasai kamar wadda aka yi wa kyauta.

Na ce wa yayana, Yaya ka ga ikon Allah, an ba mutum abinci ko godiya babu. Ya ce min kai dai ka cika sa ido, mu je mu karya.

Daga baya na fahimci cewa a wurinsu mai bayarwa shi ne ya ci riba. Suna kiran abin tham bun, wato neman lada, malamin kuwa kamar gona ce da aka samu aka yi shuka a ciki, to ina ka taɓa ganin gona ta gode wa manomi.

Kuma dokarsu ce ta sa haka. Cikakken malami yana da dokoki 227 a kansa. Ba ya cin abinci daga rana tsaka har wayewar gari, ba ya ajiye abincin yau ya ci gobe, ba ya cin abin da ba a miƙa masa ba, ba ya noma da hannunsa don an hana shi haƙa ƙasa, ba ya aure, ba ya taɓa mace ko da mahaifiyarsa ce, in mace za ta ba shi abu sai ya shimfiɗa ƙyalle ta ɗora a kai. A asalin doka ko kuɗi bai kamata ya karɓa ba. Ka duba da kyau za ka ga an tsara abin ne yadda kullum safiya sai malami ya fito ya haɗa ido da garin da ke ciyar da shi. Wanda cikinsa ke hannun mutanen unguwa ba zai yi musu girman kai ba, in ya ɓata hali kuma su ne farkon sani.

To wane aiki suke yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a kwament, kuma tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba.

Abu na farko da mutane ba su sani ba, da yawa daga cikin waɗanda ka gani cikin mayafin nan ba zama suka zo yi ba. A al'adar Tailan namiji in ya kai shekara 20 ana son ya shiga gidan ibada, wanda suke kira wat, ya yi ɗan lokaci ya fito, wani wata uku na damina, wani sati biyu, wani ma kwana bakwai. Ba abin kunya ba ne ka cire mayafin ka koma gida. Wanda ka gani yau da ƙwarya, wata mai zuwa kana iya samunsa a banki ko yana tuƙa tasi ko yana koyarwa a makaranta. A da har suna kiran wanda bai taɓa shiga ba ɗanye, wanda ya shiga ya fito kuma nunanne, kuma iyayen yarinya sun fi sakin jiki su ba nunanne 'yarsu. Yawanci don uwa ake yi, tunda ita ba ta da damar shiga, suna cewa tana riƙe gefen mayafin ɗanta ta shiga aljannarsu.

Gwamnati ma ta san da zaman abin, ma'aikacinta yana iya ɗaukar hutu har na kwana 120 da albashinsa don ya shiga wat. Abin da ya burge ni, a cikin dokar hutun nan guda aka sa ma'aikaci Musulmi da zai tafi aikin Hajji, shi ma ana ba shi irin wannan hutun. Ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari mabiya Buddha ne fa.

Na biyu, wat ba wurin ibada kaɗai ba ne. Akwai su sama da 40,000 a ƙasar, kusan ba ƙauyen da ba shi da nasa, kuma kafin zuwan makarantun zamani a nan yara maza ke koyon karatu da rubutu, har yau makarantun gwamnati da yawa a filin wat suke kuma sunansa suke ɗauke da shi. A nan ake ƙona gawa in an yi mutuwa, a nan ake taron gari, a nan tsoho marar kowa ke fakewa, har karnukan da aka gaji da su a nan ake zubarwa. Ɗan talaka da ya zo birni karatu ba shi da kuɗin haya yana zama yaron wat, yana share-share yana riƙe wa malamai kaya da safe, ya ci abin da suka rage ya tafi makaranta. Chuan Leekpai da ya yi firaminista har sau biyu, ɗan wata mai sayar da kaya a kasuwa ne daga lardin Trang, a wat ya zauna shekaru a Bankok yana karatu.

Akwai Wat Tham Krabok a lardin Saraburi, tun 1959 suke karɓar masu shaye-shaye, mutum ya ɗauki alkawari a gabansu sannan a ɗirka masa wani jiƙo mai sa amai kamar zai fitar da hanjinsa, wasu har daga Turai suke zuwa. A arewacin ƙasar da masu yankan katako suka addabi daji, malamai suka fito da dabarar naɗa wa manyan bishiyoyi mayafin nan ruwan goro kamar an naɗa su malanta, sai mai zarto ya zo ya tsaya yana kallo hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Lokacin da tattalin arzikinsu ya rushe a 1997 kuɗinsu baht ya faɗi warwas, wani tsohon malamin daji mai suna Luang Ta Maha Bua ya tashi ya yi ta yawo yana kira a taimaki ƙasa, mutane suka yi ta cire sarƙa da zobe suna ba shi, sai da ya tara zinare fiye da tan 12 ya miƙa wa babban bankin ƙasa. Mutumin da abin da ya mallaka bai wuce mayafi da ƙwarya ba.

Kuna tuna yaran nan 'yan ƙwallo 12 da kocinsu da ruwa ya rufe a kogon Tham Luang a 2018, duniya duk ta zuba ido? Kocin ya yi shekaru yana ƙaramin malami a wat tun yana yaro maraya, kuma abin da ya koya a can na zama shiru da tattara hankali shi ya riƙa koya wa yaran a cikin duhu don kada su firgice su ƙarar da ƙarfinsu. Da aka fito da su, 11 daga cikin yaran suka aske kai suka shiga wat na kwana tara, shi ma kocin ya shiga, don su kai ladan ga Saman Kunan, mai ninƙayan da ya rasa ransa wajen ceto su. Na sha biyun Kirista ne, ba wanda ya tilasta masa.

In duk wannan ba aiki ba ne to ban san me ake kira aiki ba.

Wai ai almajirci ne kawai da wani suna

Na san dalilin da ya sa ido ya kai can, ƙwarya ƙwarya ce, kuma asalin tunanin yana kama, wato gari ya ɗauki nauyin cikin mai neman ilmin addini. Amma akwai wani bambanci guda da ya isa ya raba su.

A Tailan sarki ma yana ɗaukar ƙwarya. Sarki Mongkut shekara 27 ya yi yana malami kafin ya hau gadon sarauta a 1851. Sarki Bhumibol yana kan mulki ya aske kai a 1956 ya yi kwana 15 a Wat Bowonniwet, ya fito ba takalmi aka zuba masa abinci kamar kowa. Ɗansa da ke sarauta yanzu shi ma ya yi nasa a 1978. To abin da ɗan sarki da ɗan attajiri da ɗan janar ke shiga, ba yadda za a yi a bar shi ya wulaƙanta, ba mai ba su ɗumamen da ya kwana uku, abincin da aka fara kwashewa daga tukunya shi ake ba su. A jirgin ƙasa na cikin Bankok akwai kujerar da aka ware musu. Mu kuwa tsakani da Allah wa ya taɓa ganin ɗan kwamishina da roba a ƙofar gidan wani yana ko ɗan ƙanzo iya? Na bar maganar a nan, don ba ita na zo yi ba.

Amma kada in yi son kai, su ma ƙananan da ke daɗewa a wat, masu riƙe dokoki 10, akasari 'ya'yan talakawa ne daga ƙauyukan arewa da arewa maso gabas, waɗanda iyayensu ba su da halin makaranta. Ɗan mai kuɗi ya yi sati biyu a ɗauke shi hoto ya koma gida, ɗan talaka ya yi shekara goma. Sai dai shi ɗan talakan yana da wurin kwana, yana da aji, akwai ma jami'o'i biyu na malamai, Mahachulalongkorn da Mahamakut, da zai iya kaiwa har digiri.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu bari in zo wajen da masu suka suke da gaskiya, ko da yake ba wannan suka hango ba.

A 2013 wani bidiyo ya fita na wani malami mai suna Wirapol Sukphol zaune cikin jirgin sama na haya irin na manyan attajirai, ya toshe ido da baƙin gilashi, ga jakar Louis Vuitton a gefensa. Da bincike ya yi zafi ya tsere Amurka, aka dawo da shi a 2017, kotu ta yanke masa shekara 114 a kan damfara da halasta kuɗin haram, duk da dai dokarsu ba ta bari ya yi fiye da 20 a kan wannan. A 2017 ɗin dai 'yan sanda da sojoji suka yi makonni sun kewaye katafaren wat ɗin Dhammakaya da ke Pathum Thani suna neman shugabansa a kan zargin kuɗi, ba su same shi ba. A 2025 aka kama shugaban Wat Rai Khing a kan zargin kwashe baht miliyan 300 daga asusun wat, kuma maganar ta haɗa da cacar intanet. Ba a gama wannan ba sai ga ta wata mata da 'yan sanda suka ce ta yi lalata da manyan malamai tana ɗaukar hotuna tana tatsar su, suka ce kusan baht miliyan 385 ne suka bi ta asusunta cikin shekara uku, manya-manya suka yi ta cire mayafi ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar da ni na yi wa kaina ba wai me ya sa malami ya faɗa wa mace ba ce, ɗan Adam ne, zuciya kuma ba ta da ƙashi. Tambayar ita ce ina mutumin da aka hana taɓa kuɗi ya samu miliyoyin da ake tatsa?

Amsar ita ce sadaka ta tashi daga ƙwarya ta koma ambulan da taransifa. Shinkafar da dattijuwar nan ta zuba, ba yadda za a yi malami ya ɓoye ta a banki, in bai ci ba kafin rana tsaka sai dai yaran wat da karnuka su ci. Amma kuɗin da attajiri ya kawo don a gina sabon zaure da sunansa a jiki, da kuɗin layu da ake bugawa ana sayarwa wasu da tsadar mota, da na masu zuwa a ba su lambar caca, duk wannan yana shiga hannun shugaban wat, kuma shekara da shekaru ba mai tambayarsa lissafi da gaske, don a al'adarsu tuhumar malami kamar jawo wa kai zunubi ne. Ka tara kuɗi mai yawa a hannun mutum ɗaya ka ce kuma haramun ne a tambaye shi, ko waye shi ka gama da shi.

Wasu za su ce to gwamnati ta shiga ta gyara mana. Ai gwamnati ta daɗe a ciki, nan ma wata matsalar ce. Tun dokar 1902 ta zamanin Sarki Chulalongkorn aka mayar da malaman ƙasar kamar ma'aikata masu mataki-mataki, dokar 1962 ta zamanin mulkin soja ta ƙara ɗaure abin a hannun majalisar dattawan malamai, sarki ne ke naɗa shugabansu na ƙasa, akwai muƙamai da lambobin girma da ake rabawa. An hana su jefa ƙuri'a wai don kada siyasa ta ɓata su, amma an buɗe musu wata siyasar ta neman muƙami, kuma wanda ya fi gina manyan gine-gine shi ya fi saurin hawa. Ni a ganina mutanen unguwa da ke ba da kuɗin su ya kamata su riƙe littafin lissafi, a liƙa shi a bango kowa ya gani, malami ya koma wa ƙwaryarsa. Ba sabon abu ba ne ma, malaman daji irin su Ajahn Chah haka suka rayu ba sa taɓa ko sisi, kuma har Turawa suka yi ta zuwa Ubon Ratchathani suna aske kai a hannunsa, sai da ya buɗe musu wat nasu daban a 1975.

Ko ita ƙwaryar ma zamani bai bar ta ba. A da mace ce ke tashi da asuba ta dafa, yanzu a bakin titi ake sayen ƙullin leda da lemon kwalba mai zaƙi a zuba musu, su kuma doka ta hana su zaɓe, bayan rana tsaka kuma abin sha kawai aka yarda musu sai su yi ta kwankwaɗar mai sukari. Wani bincike na Jami'ar Chulalongkorn ya gano kusan rabinsu ƙiba ta yi musu yawa, ga ciwon suga ga hawan jini. Ka ji fa, mutanen da ke cin abinci sau ɗaya ko biyu a yini.

Maganar mata kuma gajeruwa ce amma tana nan. Mata ne suka fi kowa tashi da safe su ba da abinci, amma tun 1928 aka hana naɗa mace cikakkiyar malama a ƙasar. Masu son rayuwar sai dai su sa fararen kaya su aske kai su zauna a gefe, galibi suna girki da shara. Wata malamar jami'a da yanzu ake kira Dhammananda, sai Sri Lanka ta je aka naɗa ta a 2003, ta dawo tana jagorantar wat ɗin mata a Nakhon Pathom, har yau hukumar malamai ba ta amince da su ba. Wannan rigimarsu ce ta cikin gida, amma duk mai cewa tsarin ba shi da aibu ya tuna da ita.

Wani zai ce to bayan duk wannan tonon silili me ya rage da kake karewa? Abin da ya rage shi ne malaman sun haura 200,000, waɗanda ke fitowa a labarai kuma ba su taka kara sun karya ba a cikin wannan adadi, sauran suna ƙauyuka suna wanke mayafinsu da hannu suna raka gawa. Kuma su mutanen Tailan ɗin da suka fi mu sanin abin kunyar, suna zagi a intanet da daddare, da asuba kuma su fito da shinkafarsu.

A ƙarshen 2022 'yan sanda suka shiga wani ƙaramin wat a gundumar Bung Sam Phan ta lardin Phetchabun suka yi wa malaman gwajin ƙwaya, su huɗu ne har da shugabansu, duka huɗun gwaji ya kama su, aka cire musu mayafi aka tura su asibitin masu shaye-shaye, wat ya zama wayam. Abin da mutanen ƙauyen suka kai kuka a kansa shi ne yanzu ba su da wanda za su zuba wa abinci da safe, sai da hukuma ta yi musu alkawarin turo wasu malaman.